Ƙwayar Inna da Kunun Kanwa

Abin da na fara gani da na shigo gida hutun zango na biyu shi ne Inna zaune a rana. Bazara ce, lokacin da ko kaji sai sun raɓe a gindin rumbu baki buɗe, amma ita ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida inda babu ko ɗigon inuwa, ta lulluɓa da tsohon bargon Baba. Na ajiye akwatina na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa ba ta dube ni ba. Wannan bai dame ni ba, don ni ce 'yar farinta. Tun da na yi wayo ban taɓa jin ta kira sunana ba, ba ta zama hira da ni, in za ta aike ni ma sai ta yi maganar kamar da bango take. Haka ake yi a garinmu, kowa ya san kunyar ɗan fari. Muryarta ce ta dame ni. Ta yi kauri, ta dushe, kamar ta mai tsohuwar mura.

Ina durƙushe nake kallonta ta ƙasan ido. Fuskarta ta cika, fatar idonta ta kumbura, gashin girarta na gefe ya zube. Zoben azurfarta ya nutse a yatsa har nama ya hau kansa. Ƙaurinta ya bushe ya yi fari kamar an barbaɗa masa toka. Wata uku kacal na yi a makarantar kwana. Na bar ta da ƙiba, amma ba irin wannan ba.

Sai ga Kaka ta fito daga madafa da muciya a hannu. Ita ce ta haifi Inna, kuma tun da ciwon 'yarta ya yi tsanani ta baro ƙauyensu ta tare a gidanmu don jinya.

"A'a, 'yar boko ta dawo! Ku ɓoye tukwane," in ji ta. Ta kama hannuna ta juya shi. "Wai me suke ba ku a can ne, takarda? Dubi yarinya kamar sillen kara. Ke da uwarki ai sai ku yi musanya, ta sam miki rabi."

Na yi murmushi na sunkuyar da kai. Sauran jikoki in ta tsokane su ramawa suke yi, su ce mata tsohuwa mai ran ƙarfe, su ja mata zane. Ni ban taɓa iyawa ba. Shi ya sa take ce mini kurma.

Da yamma muna tsinkar zogale ta ba ni labarin da ba a rubuto mini ba. Baba ya kai Inna babban asibiti a cikin birni, an ɗebi jininta. Likita ya ce akwai wani ɗan abu a gaban wuyan kowane mutum da ke hura wa jiki wuta, na Inna ya yi sanyi, ba ya aiki yadda ya kamata. Shi ne ke kawo mata jin sanyi da kasala da barci da ƙibar nan. Aka ba ta wata farar ƙwaya, aka ce kullum ɗaya, ba fashi.

"Ni dai na san maƙoƙo," in ji Kaka. "Mai maƙoƙo wuyansa ke kumbura, kowa ya gani. Wannan wuyanta lafiya lau, amma sun ce ciwon wuya ne. Ƙwayar kuma ko ƙwayar dawa ta fi ta girma. Kusan wata uku ke nan tana haɗiya. Ke kin ga canji?"

Na girgiza kai.

"To."

A kwanakin farko ban yi komai ba sai kallo. Da ma shi na iya. Na lura Inna ba ta cin tuwon dare. Kaka za ta ajiye mata kwano a ɗaki, bayan an jima kwanon ya fito wayam, amma da safe sai in ga malmalar tuwo a kaskon awaki, da sauran miyar kuka a jikinta. Da rana ma ba ta taɓa komai sai ruwan tsamiya da lemon tsami, da wani shayi mai warin ganye da wata 'yar maƙwabta ta kawo mata daga Bacirawa, wai yana narkar da kitse. In ta sha, kafin la'asar ta zaga bayan gida sau uku ko huɗu, ta dawo tana dafa bango.

Daga baya na ji asalin abin a bakin matan da ke shigowa. Wai a wani taron suna ne wata ta tare Inna a tsakiyar mata ta ce, "Malama, ashe muna da wani sunan a gaba ba ki faɗa ba? Allah ya sauke ki lafiya." Aka kwashe da dariya. Wata kuma ta ce ai hutu ne, mijinta ya samu tumatir a Watari bana. Tun daga ranar Inna ta ɗaura yaƙi da abinci.

Da safe kawai take ci, shi ma don Kaka na tsaye a kanta. Kaka ta dama kunun kanwa mai kauri a babban kofi, ta soya awara, don an ce mata awara ba ta sa ƙiba. Sai Inna ta ci awara uku, ta sha rabin kunu, sannan Kaka ta kwance bakin zanenta ta ciro katin ƙwayar, ta ɓallo ɗaya ta miƙa mata, ta kora da sauran kunun. Kullum haka, kamar an rubuta.

"Maganin asibiti ba ya hawa ciki ba komai," Kaka kan ce. "Ni da kaina na taɓa sha ban karya ba, shekarar da na yi ciwon haƙori. Sai da na ga rumfa tana juyawa. Cikin mutum yake yanka."

Ba wanda ya taɓa musa mata. Ni ma haka na taso na ji, haka kowa ke faɗa.

Inna malama ce. Matan aure na unguwarmu ke taruwa a zauren gidanmu bayan azahar tana biya musu karatu. A da, muryarta har ƙofar gida ake ji, kuma ko tana tankaɗe in wata ta yi kuskuren wasali sai ta gyara mata daga nesa. A mako na biyu da dawowata ina zaune a bayan sahu ina riƙe wa wata jaririnta, Inna ta ja aya ta kai tsakiya ta tsaya. Surar da ta koya wa rabin matan garin ce. Ta sake ɗaukowa daga farko, ta sake tsayawa a wuri ɗaya. Wata tsohuwa ta ɗora mata a hankali. Inna ta ce, "Na'am, haka ne," ta yunƙura za ta tashi, wai za ta sha ruwa. Ba ta gama miƙewa ba ƙafafunta suka saki. Ta zube a kan tabarma, kanta ya bugi bango.

Aka yi ta salati ana yayyafa mata ruwa. Ni na kasa motsi, jaririn na ta kuka a hannuna. Da ta farfaɗo abin da ta fara yi shi ne jan mayafinta ta rufe cikinta.

Ranar Kaka ba ta yi wasa da kowa ba. Da magariba ta zauna a bakin ƙofar ɗakin Inna ta ciro katin ta ƙirga da yatsa.

"Saura tara," in ji ta. "In sun ƙare, an gama. Ba za a ƙara sayo wannan abin ba. Akwai mai magani a wajenmu, saiwa yake bayarwa a jiƙa. Da shi muka saba."

Daga cikin ɗaki Inna ta ce, "Ni ma na gaji da ita, Iya. Ba ta yi mini komai ba."

Ban san me ya sa maganar ta tsaya mini a rai ba. Na dai tuna Kaka ta ce likita ya ce ba fashi.

Kwana biyu bayan haka Kaka ta aike ni ɗakinta in ɗauko kanumfari. Na same shi a ƙunshe cikin wata siririyar takarda mai ƙananan rubutu gaba da baya. Sunan da ke samanta irin na jikin katin ƙwayar Inna ne. Na juye kanumfarin a murfin kwano, na ninke takardar na soke a zanena.

Bayan rumbu na je na karanta, da ƙamus ɗina na makaranta a cinya. Turancin ya fi ƙarfina, kuma an yage gefe ɗaya. Na daɗe ina bin layi da yatsa kafin in iso wurin da ke faɗin yadda ake sha. Wannan kam na gane. An ce a sha da ruwa zalla, ciki ba komai, a jira kamar rabin sa'a ko fiye kafin a karya. A ƙasa kuma an jera abubuwan da ke hana maganin shiga jiki, a cikinsu har da waken suya. Na duba kalmar a ƙamus sau biyu. Da waken suya ake awara.

Na ce wataƙila ni ce ban fahimta ba. Wace ce ni, 'yar aji huɗu, da zan ce Kaka ta yi wata uku tana ba 'yarta magani ba daidai ba?

Ranar kasuwar Rimin Gado Kaka ta ba ni aiken waken suya da kanwa. Na sayo, sannan maimakon in nufi tasha sai na shiga wani ɗan asibiti da ke kusa. Na zauna a kan benci da ledata a cinya. Masu ciki da masu goyo suka yi ta shiga suna fita, ni ina zaune. Sau biyu layi ya zo kaina na ce wa ta bayana ta wuce. Sai da wuri ya kusa watsewa wata malamar asibiti mai tabarau ta leƙo.

"Ke tun ɗazu nake ganinki. Gadi aka ɗauke ki?"

Na miƙa mata takardar.

Ta duba, ta dube ni. "Ke ce ke shan wannan?"

"Innata ce."

"To shigo. Ba na cizo."

A ciki na faɗa mata komai, kaina a ƙasa. Kunun kanwa, awara, tuwon da ke kaskon awaki, shayin Bacirawa, faɗuwar zaure, da ƙwaya taran da yanzu suka koma biyar. Ba ta katse ni ba sai da na zo kan kunu.

"Da kunun kanwa take korawa? Kullum?" Ta cire tabaranta ta murza ido. "Ikon Allah. Ai rabin maganin nan a hanji yake wucewa, jini bai gan shi ba. Ba irin maganin ciwon kai ba ne da ke son abinci. Wannan in ya tarar da abinci a ciki maƙalewa yake yi."

Ta ce da asuba za a ba ta, da ruwa kawai, kunu ya jira sai rana ta fito. Awara ba a hana ta ba, amma a kai ta rana ko yamma, nesa da ƙwayar. Madara da maganin ƙarin jini ma haka.

"Ƙibar fa?" na tambaya. Ban san ina da ƙarfin tambaya ba.

"Yunwa ba ta sauke irin wannan ƙibar. Da yawanta ma kumburi ne, ruwa ne ya taru. Jikin da wutarsa ta yi ƙasa, in kin hana shi abinci ƙara lafewa yake yi. Ta ci sau uku. Tuwo kaɗan, miya da yawa. Kuna da zogale a gida? Rama? Wake? To kun fi 'yan birni. Ƙwai ko kifi in an samu. Ta rage soye-soye da sukari. In ƙarfi ya fara dawowa ta riƙa ɗan zagaye da ƙafa da yamma. Shayin nan kuma a zubar, zawo kawai yake sa ta." Ta ninke takardar ta mayar mini. "Kuma kada a kuskura a tsayar da ƙwayar. In an yi kamar wata biyu ana sha daidai, a koma wurin likitanta a sake gwada jini, ƙila ya ƙara ko ya rage. Kin ji? Ki faɗa musu."

"To," na ce.

"Da ƙarfi za ki faɗa, ba irin wannan to ɗin ba."

A mota ina ta maimaita maganar a zuci don kada in manta ko ɗaya. Sai da na sauka na fara tunanin wa zan faɗa wa. Inna ba zai yiwu ba. Ko na shiga ɗakinta na fara, juya mini baya za ta yi ta ce wa bango yara sun cika surutu. Kuma ba ita ke riƙe da katin ba.

Na jira Baba. Noman rani yake yi a Watari, tun asuba yake fita da babur, sai bayan la'asar ya dawo da laka har gwiwa. Na kai masa ruwa a ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida, na durƙusa nesa kaɗan, na ƙi tashi. Ya sha, ya dube ni.

"Akwai magana ne?"

Na faɗa masa a gutsure. Na zaci zai yi mamaki, ko ya yi faɗa don na je asibiti ba da izini ba. Sai na ga ya ajiye kofin yana kallon ƙafafunsa.

"Haka likitan ya ce," in ji shi a hankali. "Kafin ta ci komai. Na ji da kunnena."

"Baba, to me ya sa..."

"Da muka dawo na faɗa wa uwarki. Washegari ta sha haka, ta ce jiri take ji. Da ma kullum cikin jiri take. Kakarki ta ji, ta karɓe katin." Ya shafa gemunsa. "Na aika mata da magana ta bakin uwarki sau ɗaya. Ta ce likita bai san cikin 'yarta ba, ita ta haife ta. Daga nan na yi shiru. Na ɗauka bambancin ba shi da yawa. Magani ai magani ne, in ya shiga ciki ya shiga."

"Malamar ta ce rabinsa wucewa yake yi."

Ya runtse ido. Ban taɓa ganin fuskar Baba haka ba.

"Surukata ce," ya ce. "Ko ido ba na haɗawa da ita. Ta bar gidanta da awakinta ta zo tana wahala da 'yarta, ita ke daka, ita ke wanki. Ni ne zan tsaya a gabanta in ce ba ta iya jinya ba? In na sa baki gobe za ta ɗaure kayanta, kuma ba za ta tafi ita kaɗai ba." Ya ɗago ya dube ni, ya ce, "Ke jikarta ce. Abin da jika za ta faɗa wa kaka a yi dariya, in ni na faɗa ya zama abin da za a tara dangi."

"Ni ban iya ba, Baba."

"Na sani," in ji shi. Ya tashi ya ɗauki buta, don an fara kiran magariba.

Kwana biyu ina ɗauke da maganar. Na ga an ba Inna ƙwaya da kunu, na ga an sake ba ta. Saura uku. Duk lokacin da na buɗe baki sai Kaka ta riga ni da wata tsokana, in yi murmushi in haɗiye. A rana ta biyu matan karatu suka zo suka tarar Inna na barci, suka zauna kaɗan a zaure suka watse. Na ji wata na cewa a ƙofa, ko su nemi wata malamar kafin Allah ya ba ta lafiya.

Washegari da hantsi na sami Kaka ita kaɗai a madafa tana tace ƙullun awara. Ta ɗaure bakin ƙyalle tana matsawa, farin ruwan na zuba a roba. Hannuwanta duk jijiya, suna rawa saboda nauyi. Na lura ta rame tun zuwana. Na tsuguna na kama ɗaya gefen ƙyallen.

"Yau kuma kurma ce ke taya ni aiki? Za a yi ruwa."

"Kaka."

"Na'am, 'yar boko."

Na ciro takardar na ajiye a kan murfin tukunya. Ta dube ta.

"Au, ke ce kika sace mini ƙunshin kanumfari? Na yi ta zargin ɓera."

Na ce mata takardar maganin Inna ce. Na faɗa mata abin da ke ciki, da zuwana asibitin Rimin Gado, da abin da malamar ta ce. Ban ambaci Baba ba. Ina magana ina kallon ruwan da ke ɗiga daga ƙyalle. Da na zo kan kunun kanwa da awara sai na ji hannunta ya tsaya.

"Wato ni ce na hana ta warkewa."

"A'a, Kaka."

"Haka kika ce mana. Wata uku ina tashi da asuba ina dama mata kunu, ashe cuta nake dama mata." Muryarta ba ta wasa ba ce yanzu. "Ku 'yan takarda. Yarinyar da ta faɗi a zaure don yunwa, ita za a ba magani ciki ba komai? In ya yanke mata hanji, takardar ce za ta ɗinke?"

Idona ya cika da hawaye. Na so in tashi in gudu bayan rumbu. Amma ina riƙe da gefen ƙyallen, in na saki ƙullun zai zube.

"Ba ta cin tuwon dare," na ce. "Awaki take ba. Ki duba kaskonsu da safe. Shi ya sa ta faɗi."

Kaka ta dube ni. Ta daɗe tana kallona, bakinta a ɗan buɗe. Ashe ba ta sani ba. Ta saki ƙyallen ta zauna a kan turmi, ta goge hannuwanta a zane, ta sake gogewa alhali sun bushe.

"Ke kaɗai ce ba ta iya yi wa musu," na ce. Muryata ta fito da ƙarfi fiye da yadda na yi niyya. "In kin zauna a gabanta da dare za ta ci. Ni ko kallona ba ta yi."

Kaka ta sunkuyar da kai. Hannunta na kan ƙullin bakin zanenta, inda katin yake.

Na matsa kusa da ita a kan gwiwoyina.

"Kaka, don Allah kada ki aika wa mai saiwar nan tukuna. Ki bar Baba ya sayo wani katin. Ki ba ta da asuba da ruwa kawai, kunun ya jira rana ta fito, ni zan riƙa dama shi. Wata biyu kawai nake roƙo, har a sake gwada jininta."

Kaka ta sake kama gefen ƙyallen, ta ce, "To, gobe da asuba ki kawo mini ruwan."